Kwana Biyun da Na Tsare Gawar Baffa

Kun sha ji a bakin mutanen Zongon nan namu na Kwatano cewa ubanku ya sa kakanku a firji kamar kifi. Ban taɓa musa muku ba, domin gaskiya ce. Ban kuma taɓa zaunar da ku na ba ku labarin ba, domin duk ranar da na ɗauko shi sai na mayar da shi na kama wata hira. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara bin sawunta, shi ya sa na ga gara ku ji daga bakin mai laifin tun yana numfashi, kafin masu ƙara wa miya gishiri su gama da shi.

Wanda kuke kira kakanku, Sarjan Tanko, ba shi ya haife ni ba, ƙanen mahaifina ne. Mahaifina ya rasu ina rarrafe, Baffa ya ɗauke ni, matarsa Inna Hajara ta goya ni shekaru kafin Allah ya ba ta nata ɗan, wato Baba Sule naku mai atamfa a kasuwar Misebo. Saboda haka a gidan ni ne babba, Sule kuwa Yaya yake ce mini tun bai iya ɗaura wando ba. Baffa ya shiga soja tun zamanin Faransa. Jirgin ruwa ya kai shi garuruwan da har ya mutu bai iya faɗin sunansu daidai ba, ya dawo da guntun ƙarfe a ƙwaurinsa na hagu. Da ƙasa ta sami kanta ya ci gaba da sa kaki har ya tsufa a ciki. Ni ma na bi sawunsa, amma direba na yi, na tsaya a kaporal, wato kofur, kuma in gaya muku gaskiya ko ƙadangare ban taɓa harbi ba. Baffa yakan ce sojan sitiyari, harsashinsa hon.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda ƙasa ta buɗe baki. Sojoji sun koma bariki, an zaɓi 'yan majalisa, waɗanda muke kira dafite, kowa ya gano yana da ƙorafi kuma yana da inda zai kai shi. Masu zemijan, wato baburan haya, sun yi ƙungiya, matan kasuwar Dantokpa sun yi tasu. Mu tsofaffin sojoji ne kawai muka noƙe, domin a lokacin mutane sun gaji da ganin kaki, wanda ya taɓa sa shi kuwa ɓoye hotonsa yake yi a ƙasan akwati. A cikin wannan shekarar tsohon raunin Baffa ya buɗe ya zama gyambo. Inna ta wanke da ruwan zafi da gishiri, ta shafa duk abin da aka kwatanta mata, abu sai ci gaba yake yi. Na goya shi zuwa asibiti ya fi sau nawa. Ko ina aka tambaye mu takardar da ke nuna tsohon soja ne mai haƙƙin magani, mu kuwa ba mu da ita, domin babu dokar da ta yi ta. Wannan ofishi ya tura mu wancan, wancan ya ce mu dawo wani mako, mu koma gida da ƙafarmu tana zubar da ruwa.

Wanda ya tara mu wani tsohon ajidan ne, wato samanja, mai suna Dosu, Bafone ɗan kudu, Kirista, da ya koyi Hausa a bariki ya kuma iya zagi da ita fiye da ni. A unguwar Laji yake zaune, inda ruwa ke shiga ɗakinsa kowace damina, saboda haka takardun ƙungiyarmu a cikin leda suke, rataye a jikin rufin ɗaki. Shi ne shugaba, ni magatakarda, tun da na ɗan taɓa boko. Muka zauna muka rubuta abin da muke so majalisa ta mayar doka. Babban abu shi ne katin magani ga duk wanda ya yi wa ƙasa aikin soja, da kula da matan da suka bari. A ƙarshe Dosu ya ƙara wani sashi da ya fi daɗaɗa wa tsofaffi rai: idan tsohon soja ya mutu, a rufe shi da tutar ƙasa, a busa masa begila, iyalinsa su sanar da bariki kwana biyu kafin ranar binnewa. A wajen su Dosu wannan ba komai ba ne, gawa takan yi wata guda a ɗakin sanyi ana ɗinkin anko ana jiran dangi. Amma ni fa, ɗan Zongo, wanda ya san idan mutum ya cika da hantsi kafin la'asar an dawo daga maƙabarta, na karanta wannan layi da idona, na gyara masa waƙafi, na sa hannu. Ko a jikina ban ji komai ba. Hankalina yana kan ƙafar Baffa.

Daga nan muka fara zaryar Porto-Novo, inda majalisa take. Motar haya ta san mu, bencin da ke bakin ƙofar kwamiti ya san mu. Kullum amsa ɗaya ce, ana nazarin dosiye, wato takardunmu. Cikin 'yan majalisar akwai wani ɗan arewa da ya ji tausayinmu, don shi ma kawunsa soja ne. Wata rana ya ja ni gefe ya gaya mini abin da sauran ke faɗa idan an rufe ƙofa.

"Kaporal, ba zan ɓoye maka ba. Da na ce akwai tsofaffin sojoji a Zongo dariya suka yi. Sun ce Zongo 'yan kasuwa ne da baƙi, wane ɗan Zongo ne ya zubar wa ƙasar nan jini?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kakan kakana a Kwatano aka binne shi."

Ya ce, "Ni na sani. Su ne ba su sani ba. Gani ya kori ji."

Na yi kuskuren maimaita wannan magana a gida. Washegari na tarar da Baffa a zaure ya sa tsohuwar rigarsa ta soja da lambobinsa a ƙirji, ya ce tare za mu je. Muka kai shi, muka zaunar da shi a bencin nan tun hantsi. A ranar kuwa kwamiti bai zauna ba. Abin da ya faru kawai shi ne, mutanen da ke jira tare da mu suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna komawa can nesa, saboda warin ƙafar. Ba wanda ya faɗi mummunar magana. Baffa ya duba hagu ya duba dama, ya ga bencin ya zama nasa shi kaɗai. A mota muna dawowa, bayan mun yi nisa, ya yi magana yana kallon taga.

"Isufu, ƙafar nan ta riga ta tafi, ka daina wahalar da kanka a kanta. Ka nema wa na baya katin. Ni dai idan na mutu ka sa su zo da tutar. Su gani da idonsu a Zongo aka fito da ni."

Na ce, "Baffa, ku daina irin wannan magana."

Ya ce, "Oda ce, kaporal."

Ya yi murmushi da ya faɗi haka, kuma wannan murmushi shi ne abin da ya hana ni sakat har yau. Da na gaya wa Inna, cewa ta yi, "Baffanka da ba'a, ai kai ma ka san shi." Ni kuwa na riƙe ta a matsayin wasiyya.

Bayan 'yan makonni ɗan majalisar nan ya aiko cewa ranar Alhamis mai zuwa kwamiti zai duba takardarmu, ko ta wuce ko a ajiye ta sai wata shekara. Ranar Litinin da hantsi Baffa ya cika, kansa a cinyar Inna. Kun san Zongo. Kafin kukan mata ya lafa an tura masu haƙa kabari, Sule ya yanko likkafani daga shagonsa, maƙwabta sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ni kuwa na tura aka gaya wa Dosu. Ya hau zemijan ya je bariki, ya je gidan waya ya kira ɗan majalisar, ya dawo yana haki bayan azahar. Ya ce kumandan barikin ya yarda zai ba da sojoji da tuta don girmamawa, ko da yake dokar ba ta fito ba, amma ba zai iya haɗa su ba sai ranar Laraba da safe. Ɗan majalisar kuma ya ce idan Laraba ce zai zo, zai jawo 'yan kwamiti su gani, ana gobe za su zauna.

"Kaporal," in ji Dosu, "wannan dama ba ta dawowa. Kwana biyu ne kawai. Sarjan ya jira shekara nawa?"

Muka shiga zaure ni da Sule da Liman da dattawan unguwa. Inna tana bayan labule, tana jin komai. Na faɗi abin da nake so. Liman, wanda ya raɗa wa yawancinku suna, shi ya fara magana, a hankali.

"Malam Isufu, gaggauta gawa zuwa makwancinta shi ne abin da muka gada. Idan alheri ne ke jiransa, don me za mu tsare shi? Ga kabari an gama."

Na ce, "Malam, wasiyya ya bar mini."

"Ya ce a kawo tuta. Ya ce a kwanar da shi?"

Sai na ɗaga murya, kamar yadda marar gaskiya kan yi. Na ce mutumin nan ya ba da jininsa, an ce masa baƙo, an gudu daga bencinsa. Na ce akwai tsofaffi da yawa da ƙafafunsu ke ruɓewa a ɗakuna, kuma ranar Alhamis ce ranarsu. Sule ya ɗago jajayen idanunsa.

"Yaya, ubanmu ne fa. Ba dosiye ba ne."

Na ce, "Ni ne babba a gidan nan ko kai?"

Ya sunkuyar da kai. Da ma ya zage ni. Da ya miƙe ya ce ai ba daga cikin Inna na fito ba, da na sami abin riƙewa na yi fushi na bar musu gawarsu, da an rufe shi a ranar. Amma Baffa ya yi mana tarbiyyar da ƙane ba ya ja da wa, kuma da wannan tarbiyya na ci galaba a kan ɗansa na cikinsa. Sai muryar Inna ta fito daga bayan labule, ba kuka, ba faɗa.

"Isufu, mutumin nan ba ya son sanyi. Ko da zafi da bargo yake kwana."

Na ce, "Inna, ku yi haƙuri, kwana biyu ne."

Kafin la'asar, lokacin da ya kamata a ce muna zuba masa ƙasa, ni da Dosu muka sa shi a mota muka kai shi ɗakin ajiye gawa na wani asibiti. Ma'aikacin ya ɗaura masa lamba a babban yatsa, ya tura shi ciki ya rufe. A nan zan gaya muku abin da ban taɓa gaya wa ko mahaifiyarku ba. Ba wasiyya kaɗai ta sa ni ba. Na ƙosa da zaman benci, ina son in ga 'yan majalisa a ƙofar gidanmu, ina son Zongo ta ce Isufu ne ya kawo su. Wasiyyar gaskiya ce, tsofaffin nan ma gaskiya ne, amma son a sani yana ciki, kuma ba kaɗan ba.

Kwana biyun nan ban taɓa ganin irinsu ba. Mutane suna zuwa, su zauna a tabarma, su rasa gaisuwar da za su yi. Wani ya ce, "Ya haƙuri, an kai shi?" sai a yi shiru. 'Yan'uwanmu masu shanu da suka sauko daga arewa suka zo gaisuwa, da suka ji inda gawar take sai suka shafa fatiha a tsaye suka juya. Maƙwabta suka kawo abinci, ba wanda ya buɗe kwano. Kabarin da aka haƙa yana can a buɗe, ruwan sama ya sauka ranar Talata ya cika shi rabi, sai da aka koma aka kwashe. Inna tana ɗaki fuskarta a bango. Idan na shiga na gaishe ta takan amsa, amma ba ta juyo ba.

Laraba da sassafe muka ɗauko shi. Ni ban shiga wurin wanka ba, na ce ina jiran baƙi a waje, alhali tsoro ne. Sule ne ya shiga tare da masu wankan. Daga baya ɗaya daga cikinsu ya gaya mini sai da suka dafa ruwa tukunya bayan tukunya kafin gaɓoɓinsa su saki a iya miƙe masa hannuwa. Da Sule ya fito ya tsaya a gabana, hannayensa suna ɗigar ruwa. Na ɗauka zai mare ni.

"Yaya, na taɓa goshinsa," ya ce. Ya wuce.

Sojojin sun zo, ba su makara ba, samari tsaf da su. Shugabansu ya tambaya ina akwatin gawa, domin a kan akwati suka saba shimfiɗa tuta. Aka nuna masa makara. Suka shimfiɗa ta a kai. Ɗan majalisar nan ya cika alkawari, ya zo da mutum biyu daga kwamiti. Tsofaffin sojojin Zongo suka fito, masu sanda, masu ido ɗaya, waɗanda aka riƙo, kowa da lambarsa da ya tono daga akwati, suka jera a bakin titi suka ƙame da aka fito da shi. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi kuka, kuma a lokacin na ji kamar na yi daidai. Liman ya sallace shi, amma ya ce tuta ta tsaya a ƙofar maƙabarta, begila ma a busa daga waje. Haka aka yi. Muna saka shi a kabari ana busawa daga bayan katanga. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, wata mace mai furfura, ta tsaya tana tambayar tsofaffin sunayensu ɗaya bayan ɗaya tana rubutawa.

Takardarmu ta wuce kwamiti ranar Alhamis. Aka yi watanni ana ja ana sassaƙe ta, abin da ya fito a ƙarshe bai kai rabin abin da muka nema ba, amma katin magani ya fito. Na san mutanen da aka ceto ƙafafunsu da shi, na san wanda aka yi wa aikin ido ya sake ganin jikokinsa. Dosu da kansa ya ci moriyarsa kafin ya rasu. Batun tuta ma ya fito, da sharaɗinsa na kwana biyu, yadda na sa masa hannu. Na koma Porto-Novo sau da yawa ina roƙon a gyara layin nan, aka ce mini, kaporal, ai ku kuka rubuto. Tun daga ranar kuwa tsofaffin sojojin Zongo sun mutu ɗaya bayan ɗaya, kuma babu gida ko ɗaya da ya aika bariki. Sun ga abin da ya faru a gidanmu, ya ishe su. Baffa ne na farko da aka rufe da tuta a unguwar nan, shi ne na ƙarshe. Ni ma ina da haƙƙinta, amma ku ji da kyau: ranar da na cika, kada wanda ya hau zemijan zuwa ko ina sai wajen masu haƙa.

Sule bai taɓa yi mini rashin kunya ba. Har gobe Yaya yake ce mini, yana zuwa sunan 'ya'yanku, ku ma kun gani. Amma tun daga shekarar bai sake sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. Kada ku riƙe shi a zuciya, shi ne ya taɓa goshin. Inna kuwa ta koma gidansa da ta fita takaba. Kowace Juma'a nakan je gaishe ta da goro, ta karɓa, ta sa mini albarka, ta tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya. Na nemi gafararta ba sau ɗaya ba, takan ce, "Ya wuce, Isufu, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na yarda da ita. Shekara da shekaru ina ganin mun shirya.

Ranar da ta rasu ina tashar mota a Tokpa-Hoho, tafiyar da ba ta kai a shanye kofin shayi ba daga gidan Sule. Da safe ta cika. Direbobi 'yan Zongo sun shiga tashar sun fita, sun gaishe ni, mun yi hira, ba wanda ya ce mini komai. Sai bayan la'asar, ina dawowa gida a ƙafa, na ga tabarmi a ƙofar gidan Sule, ga mota ta tsaya ana sauke makara babu kowa a kanta. Sule yana tsugune yana wanke jar ƙasa daga ƙafafunsa. Na tsaya a kansa. Ya ajiye butar, ya miƙe, ya cire hularsa kamar yadda ya saba yi a gabana.

"Yaya, ka yi haƙuri. Ita ta ce kada a gaya maka sai an rufe ta."